Ba Giya Mu'azu Yas Sha Ba

Malam: Halo? Halo! Sakkwato ta? Ohishin dabbobi nike so. Nic ce na dabbobi, ba na daji ba. Halo!

Zayyanu: Halo, nan na. Wa ka magana?

Malam: Salamu alaikum.

Zayyanu: Wa alaikumus salam. Ɗaga murya kaɗan, wa na?

Malam: Ka mance muryar da tak koya maka baƙi da wasali? Ɗanasabe na, daga gidan wayar Wurno.

Zayyanu: A'a! Allah shi gahwarta Malam! Wallahi har na miƙe tsaye.

Malam: Zamna, ba ganinka nike ba. Zayyanu na ko? Babban akawu?

Zayyanu: Ni na, Malam. Ina kwana?

Malam: Lahiya lau.

Zayyanu: Ina gajiya?

Malam: Babu gajiya.

Zayyanu: Ina damana? An ce kun samu ruwa shekaranjiya.

Malam: Mun samu, alhamdu lillahi.

Zayyanu: Madalla. Ina Inna Husainatu? Ƙahwar tata ta yi sauƙi?

Malam: Da sauƙi.

Zayyanu: Ina hutawa? An ce tun da kab bar makaranta yara sun samu sarari.

Malam: Sun samu. Haruhwansu ma sun samu, kowane ya kwanta inda shike so.

Zayyanu: Kai, Malam! Shinkahwar hwadama hwa, an dasa? Gero ya hito? Jakin nan naka mai cizo, shina nan?

Malam: Zayyanu.

Zayyanu: Na'am, Malam.

Malam: Ka gaishe ni, ka gaida matata, ka gaida gero, ka gaida jaki. Mutum guda kat tsallake. Wanda kunka zamna benci guda da shi shekara huɗu.

Zayyanu: Ai zuwa nike gare shi, Malam. Yaya jikin Mu'azu?

Malam: Jikinai da sauƙi. Sunanai na ba lahiya. Takarda huɗu nir rubuto ohishinku. Ta hwarko ran uku ga Mayu, ta biyu ran ashirin da ɗaya, ta uku da ta huɗu cikin Yuni. Ko guda ba a amsa ba. Akuya ta cinye su?

Zayyanu: Sun iso, Malam. Baturen dabbobi na yat tahi rangadi, sai Jumma'a za shi komo.

Malam: Jumma'a? Yau wace rana?

Zayyanu: Talata.

Malam: Jibi hwa?

Zayyanu: Alhamis.

Malam: To, jibi Alhamis ɗana za shi tsaya gaban alƙali a Goronyo kan shan giya. Ka san hukuncin ko in hwaɗa maka? Bulala tamanin, a bainar jama'a. Mutumin da ko taba bai taɓa sa ma baki ba. Kuma abin da masu ƙara sunka riƙe shi na takardar sallama da tah hito daga ohishinku, wadda tac ce an kore shi don an ishe shi buge bakin aiki. Wa yab buga ta a tahireta?

Zayyanu: Malam, ni abin da anka ba ni...

Malam: Wa yab buga ta?

Zayyanu: Ni nib buga.

Malam: Na sani. Na ga inda kar rubuta Rimawa da ƙaramin baƙi. Tun aji biyu nike hana ka.

Zayyanu: Rahoton Gambo na, mai duba aiki. Shi yat tahi yag gani da idonai, kuma mutum biyu sun ce sun ji wari. Ni akawu na, ba... halo? Malam? Halo?

Malam: Ina jin ka. Wayar ta ka kuka awa gyare. Mi Gambo yag gani? Ya zo Rimawa ranar kasuwa, da azahar, tsakiyar bazara. Ya ishe Mu'azu shina ma shanu allura. Hannu na rawa, magana na hita guntu-guntu, ya tashi ya yi tangaɗi ya hwaɗi. Har hitsari ya kubce mashi gaban mutane. Haka na?

Zayyanu: Haka rahoto yac ce.

Malam: Warin hwa? Da mi malamin dabbobi ka wanke allura?

Zayyanu: Da isbirit, ruwan nan mai wari awa giya.

Malam: Wa ka ba shi isbirit ɗin?

Zayyanu: Mu na, daga sito.

Malam: To! Hannu yay yi rawa, kwalba tat tuntsure bisa riga. Mutum biyu masu saida goro, waɗanda ba su taɓa ganin giya ba balle su san warinta, sunka shinshina rigar sunka ce sun ji. Ku kunka ba shi abin, ku kunka kore shi don warin abin. Wanga wane irin lissahi na?

Zayyanu: Malam, ka yi haƙuri...

Malam: Haƙuri na gida, na baro shi wurin Husainatu. Tsaya ka ji. Littahi na nan hannuna, duk na rubuta. Bazarar hamsin da huɗu, idon hagu. In ya juya shi sai ciwo, kwana uku sai gani yad dushe awa mai duba ta cikin hayaƙi. Jar hulatai yac ce ta koma launin ƙasa. Mako shida, ido yak komo da kainai. Munka gode ma kwalli da rubutun wani malami na Dinawa. Giya na kama ido guda ta bar guda?

Zayyanu: A'a.

Malam: Shekara guda da wata biyu, lahiya garau, har anka yi mashi aure. Sa'annan ƙahwahu. Mutuwar jiki tun daga yatsu, tana hawa kullum har ƙugu, yac ce awa an ɗaure shi da ɗamara, in shina tahiya kuma awa bisa auduga shike taki. In ya sunkuyar da kai ga ruku'u, sai wani abu shi tsarga mashi daga wuya har dugadugai. Ka taɓa kama minjirya a gulbi?

Zayyanu: Wane? Mijin wa?

Malam: Minjirya! Kihin nan da ka girgiza mutum in ya taɓa shi!

Zayyanu: Oho! Na taɓa, Malam, tare da shi ma munka kama, ka yi muna bulala.

Malam: To, haka yac ce shike ji, sau biyar a rana, duk raka'a. Bai bar salla ba. Wanga shi na mashayinku. Wata biyu abin yat tahi, amma ƙahwar dama ba ta komo duka ba. Shi bai hwaɗa ba, ni nig gane ga takalmi, bakin na dama ya riga na hagu cinyewa.

Mai haɗa waya: Wurno, lokacinku ya cika.

Malam: Ƙara muna. Ban ko hwara ba. Zayyanu, kana nan?

Zayyanu: Ina nan.

Malam: Sai bana. Hannu in shina aje bisa cinya, shiru. Sai ya miƙa shi ga wuyan sa, nan rawa ka tashi, in ya kusa ta ƙaru. Sa guda shi gan shi biyu. Kuma da sahe babu komi, sai rana ta yi zahi. Hillani sun gane kahin ku masu tebur. Arɗo Bube na Rimawa tun asuba shike koro shanu, yac ce hannun malam na sahe ya hi na rana. In abin ya taso su kai shi inuwa su kwara mashi ruwan randa, bayan ɗan lokaci shi tashi shi ci gaba. Wace giya ta ka jin tsoron ruwan randa? Gambo ya tambayi Bube? Bai tambaya ba. Ya hau babur ya komo.

Zayyanu: Wallahi duk abin da kac ce haka shike, ko likita haka yar rubu... haka za shi ce.

Malam: Mi kac ce?

Zayyanu: Nic ce likita ma haka za shi ce.

Malam: A'a. Ka hwara wata kalma ka haɗiye rabinta. Shekara talatin da ɗaya ina sauraren yara na haɗiye kalma. Likita ya rubuto?

Zayyanu: Malam, layin ba shi da kyau...

Malam: Layin lahiya lau shike yanzu. Mako biyar ke nan da nik kai shi asibiti nan Sakkwato da ƙahwata. Likita ya haska mashi hitila cikin ido, ya karce mashi tahin ƙahwa da mabuɗi, ya sa shi taɓa hanci da yatsa, har cikin ruwan zahi yas sa shi, muna gani magana tat tsinke. Yac ce mu tahi, za shi aiko ma ohishinku da sakamako. Ya aiko ko bai aiko ba?

Zayyanu: Ya aiko.

Malam: Yaushe?

Zayyanu: Kwana tara.

Malam: Kwana tara! La'ilaha illallahu! Tana ina?

Zayyanu: Cikin aljihun teburina. Kwahi biyu na, guda na ohis, guda yac ce a kai ma alƙali.

Malam: A kai ma alƙali, kai kuma kak kai ma aljihun tebur! Kwana tara ina kwana ido biyu, uwatai ta bar cin abinci, matatai Turai ba ta iya zuwa rijiya don bakin mata. Ka san abin da ake cewa Wurno yanzu? Tun da ruwa yas sauka gari yay yi sanyi, jiki ya sake shi, shina tahiya, shina magana sarai. Sai sunka ce, kun gani, da yab bar sha ga shi ya warke! Sauƙin da Allah yab ba shi ma ya zama shaida a kainai. Kai kuma kana zamne bisa takarda awa kaza bisa ƙwai!

Zayyanu: Malam, ka bari in yi magana.

Malam: Ta ce ya sha?

Zayyanu: Ta ce bai sha ba. Ɓaro-ɓaro ta hwaɗa, layi na uku.

Malam: Alhamdu lillahi! To mi kake jira? Wani ya ba ka wani abu? Gambo na?

Zayyanu: Haba, Malam! Ni? Kan Mu'azu?

Malam: To hwaɗa mani dalili, don ni hankalina bai kai nan ba.

Zayyanu: Takardar warƙa biyu ta, wato hwalle biyu. Ta hwarko ta wanke shi. Ta biyu ita tah hana ni barci. In ta je gaban alƙali, muhuti, magatakardan alƙali, za shi karanta ta duka da ƙarhi, a juya ta da Hausa, Mu'azu na tsaye. Na so likita shi rubuta wata gajera, nit tahi asibiti sau biyu, anka ce ya tahi hutu ƙasarsu, sai bayan damana.

Malam: Karanta mani.

Zayyanu: Malam, bari in zo Wurno in...

Malam: Karanta. Tun daga kwanan wata. Kada ka tsallake ko waƙahi.

Zayyanu: To. Da Turanci take, ina juyawa. Ya ce ya duba Mu'azu ɗan Ɗanasabe, shekara ashirin da takwas, malamin dabbobi. Ya ce babu alamar giya gare shi, ta yanzu ko ta da. Ya ce tangaɗi, da rawar hannu, da tsinkewar magana, da kubcewar hitsari, duk na ciwo guda na.

Malam: Sunan ciwon?

Zayyanu: Maltibul sikilarosis.

Malam: Mi? Maimaita, ina rubutawa.

Zayyanu: Mal-ti-bul. Si-ki-la-ro-sis. Ya ce ma'anarshi tabo da yawa, wuri-wuri.

Malam: Tabo a ina? Jikinai sumul shike.

Zayyanu: Ciki, Malam. Ga ƙwaƙwalwa da lakar baya. Ya ce jijiyoyin da ka kai saƙo daga kai zuwa ido da hannu da ƙahwa suna da wata riga bisansu. Ciwon shina cin rigar, nan kaɗan, can kaɗan. Inda yac ci, saƙo ba shi wucewa daidai. Shi yas sa yau ido, baɗi ƙahwa, wata shekara hannu. In wurin ya lahwa sai mutum shi samu sauƙi, amma tabo na nan. Zahi kuma, na rana ko na masassara, shina tada alamun tsohon tabo, in jiki ya huce su kwanta.

Malam: Ruwan randar Bube ke nan.

Zayyanu: Shi na. Ya ce can ƙasarsu ya ga masu shi da yawa, galibi matasa, mata sun hi maza. Nan ƙasar kuwa bai taɓa gani ba sai ga Mu'azu, shi yas sa yaj jinkirta har yat tuntuɓi wani likita. Ya ce ba a ɗaukarshi ga mutum, matatai da ɗiyatai ba su da abin tsoro. Kuma ba wani abu yay yi ba da yaj jawo shi.

Malam: Maimaita wanga layi.

Zayyanu: Ba wani abu yay yi ba da yaj jawo shi.

Malam: Na rubuta. Nan warƙar hwarko taƙ ƙare?

Zayyanu: Nan taƙ ƙare.

Malam: Juya.

Mai haɗa waya: Wurno, Rabah na jiran layi.

Malam: Rabah ta jira, ba gobara ake can ba. Juya, Zayyanu.

Zayyanu: Ya ce sauƙin da ake gani yanzu ba warkewa ba na. Haka ciwon shike, shi zo shi tahi. Tsakani kan yi wata, kan yi shekara, har shekaru. Amma shina komowa. Kuma in ya komo ya tahi, ba kullum shike kwashe kayanai duka ba, shina barin wani abu baya.

Malam: Takalmin dama.

Zayyanu: I, Malam. Ya ce... Malam, in tsaya nan?

Malam: Na ce ka tsaya?

Zayyanu: Ya ce ga mutane da yawa, bayan shekaru sai shi bar zuwa da tahiya, shi zamna, shi riƙa ci gaba sannu-sannu ba tare da sauƙi tsakani ba. Ƙahwa ta yi nauyi ta sandare, har tahiya ta gagara. Ya ce wasu kuma sukan yi shekara ashirin ko hiye suna bisa ƙahwahunsu. Babu likitan da za shi iya cewa wane ɓangare Mu'azu shike.

Malam: Magani?

Zayyanu: Ya ce har yau ba a san maganin da ka warkar da shi ba. Sai hutu, da nisantar rana, da maganin masassara da wuri in ta zo. Ya ce kada shi koma yawon ruga. In da hali a ba shi aikin zamne, cikin inuwa. Sai sa hannu da hatimi. Halo? Malam? Halo, Wurno! An yanke?

Malam: Ba a yanke ba.

Zayyanu: Na ji shiru.

Malam: Rubutu nike. Alƙalamin na ba shi ci.

Zayyanu: Malam, ka gahwarce ni. Kullum da sahe in hiddo ta in sa cikin ambulan, in tuna shi tsaye gaban mutane ana karanta mashi wanga, sai in mayar. Na ce gobe, na ce gobe. Ban san yadda kwana tara yay yi ba.

Malam: Ka san abin da yac ce mani jiya? Yac ce, Baba, in an gama shari'a zan roƙi a mayar da ni Rimawa kahin shanu su komo daga mashekari, inda suke damana. Har ya sa an gyara mashi sirdin keke.

Zayyanu: Ashsha.

Malam: Hatimin, kac ce ga wace warƙa shike?

Zayyanu: Ga ta biyu. Da sa hannun duka.

Malam: Ta hwarko ba ta da komi?

Zayyanu: Sai kan takarda da kwanan wata. Amma Malam, na yi wani tunani. In cire ta biyu, in buga layi guda ƙasan ta hwarko, in ce an kwaho daga takardar likita, in sa hatimin ohis. Alƙali ba shi jin Turanci, muhutin ma kaɗan-kaɗan. Wa za shi sani? A wanke shi, shi koma gida da murnatai. Sauran kuma a bar ma Allah.

Malam: Ana iyawa?

Zayyanu: Minti goma na.

Malam: Minti goma.

Zayyanu: In ka yarda yanzun nan in sa takarda ga tahireta.

Malam: Tsaya. Kada ka taɓa tahireta, bari in yi tunani. In Gambo yat tashi yac ce ina sa hannun likita? Shi shina jin Turanci. Sai a ce uban ya haɗa baki da akawu, tsohon ɗalibinai, sun ƙaga takarda. Ga giya ga zamba. Wannan guda ke nan.

Zayyanu: Ba lalle shi tambaya ba.

Malam: Ko bai tambaya ba. An wanke shi, ya hau keke ya koma Rimawa, bazara ta zo, ya sake hwaɗuwa tsakiyar kasuwa. Mi za su ce? Ya koma ma kwalba. Wa za shi sake wanke shi? Ni shekarata sittin da bakwai. Abin da yas sa sunka yi mashi ƙazahi shi na ba su san ciwon na tahiya shi komo ba. Warƙar da kake son ɓoyewa ita ta ka hwaɗin haka. In ba a karanta ta ba, an wanke shi na damana guda.

Zayyanu: Amma shi ji shi gaban mutane, Malam? Daga bakin muhuti?

Malam: Wa yac ce daga bakin muhuti za shi hwara ji? Shina da uba.

Zayyanu: Kai za ka hwaɗa mashi?

Malam: Da wa? Kai, da kaɗ ɗauki kwana tara ba ka iya liƙe ambulan ba? Ɗauki alƙalami.

Zayyanu: Na ɗauka.

Malam: Na ɗaya. Takardar alƙali, warƙa biyu, yadda likita yab bar ta, ta shigo motar wasiƙu ta gobe Laraba. A hannuna za a sa ta, ni zan kai Goronyo.

Zayyanu: In an yi ruwa da dare hwa? Ka san ana ruhe hanya, ba a barin mota ta wuce sai ƙasa ta sha iska.

Malam: To a ba masinja da keke.

Zayyanu: Masinja ya bi Bature rangadi. Malam, ni zan kawo. In mota ta tashi in biyo ta, in ba ta tashi ba in ari keke. Zan kwana Wurno mu wuce Goronyo tare.

Malam: Da izinin wa za ka bar ohis?

Zayyanu: In Bature ya komo shi yi mani abin da za shi yi.

Malam: Hm. To ka naɗe ta cikin abin da ruwa ba shi ratsawa. Na biyu. Takardar sallama da kab buga, a janye ta. A rubuta wata da ta ce ciwo na, a aiko mani kwahi. Ba gogewa nike so ba, sabuwa nike so, da sa hannu.

Zayyanu: Wanga sai Bature.

Malam: Ka aje mashi bisa tebur, shi ishe ta kahin shi tuɓe hula. Na uku. Gambo shi hau babur ɗin nan nashi shi koma Rimawa ranar kasuwa, da azahar, daidai inda ɗana yah hwaɗi, shi hwaɗa da bakinai cewa ya yi kuskure. Gaban Bube, gaban masu goro.

Zayyanu: Malam, wanga da wuya. Ba a taɓa yi ba.

Malam: Ni ma ba a taɓa ce ma ɗana mashayi ba sai bana. Rubuta. Na huɗu, aikin zamne da likita yac ce. Kuna da sito, kuna da rajistar shanu. Hannunai na rubutu da sahe, kuma ya hi naka kyau ko shina rawa.

Zayyanu: Na rubuta. Zan sa su cikin hwayil yadda kah hwaɗa.

Malam: Karanta mani na ukun in ji ko ka rage.

Mai haɗa waya: Wurno, zan yanke. Minti guda.

Malam: Kai kuma wane malami yak koya maka katse manya? Zayyanu, bar na ukun. Koma ga warƙa ta biyu, wurin masu shekara ashirin. Yaya yac ce daidai?

Zayyanu: Wasu sukan yi shekara ashirin ko hiye suna bisa ƙahwahunsu.

Malam: Ko hiye. Ya rubuta ko hiye, ko kai kaƙ ƙara don ka lallashe ni?

Zayyanu: Wallahi shi yar rubuta. Ga shi nan ina duba.

Malam: To da nan zan hwara mashi. A'a. In na hwara da nan za shi ɗauka... Zan hwara da layi na uku, bai sha ba. Sa'annan sunan. Sa'annan... Kai, shekara talatin da ɗaya ina tsara darasi, yau ban san mi ka zuwa bayan mi ba.

Zayyanu: Ka bari sai na iso gobe mu hwaɗa mashi tare.

Malam: A'a, yau. Shina bukatar kwana biyu shi... Subhanallahi.

Zayyanu: Mi yah hwaru?

Malam: Ga shi can tahe. Ta taga nike hangenai, ya wuce rumhwar mahauta. Tun daga gida da ƙahwa, cikin wanga hantsi, ko malhwa babu. Wa yab bar shi yah hito? Shina ɗago mani hannu. Dariya shike, wai in ga yadda shike sauri.

Zayyanu: Malam, ba ni shi mu gaisa.

Malam: A'a. Muryarka za ta tona. Gobe, warƙa biyu, ka ji?

Zayyanu: Na ji, Malam. Ka ce mashi...

Malam: Mu'azu! Sannu, sannu. Na gani, ai na gani tun daga can. Shigo daga rana. A'a, na gama, ba kowa ba na, Sakkwato ta. Jawo bencin nan ka zamna kusa gare ni, ka huta tukuna. Ina da magana.

Zayyanu: Malam? Halo? Halo, Wurno?